Jirgin Tanti Abu

Yayata Zainabu ba ta iya yi wa yaro magana a tsaye ba. Ko a kasuwa ta haɗu da ɗan wata, sai ta ajiye kwandonta, ta tattare zane, ta durƙusa har idonta ya zo daidai da nasa, sannan ta tambaye shi sunansa. Ni kuwa ina tsaye a bayanta da kwanon kifi a ka, ina cika ina batsewa, don kafin ta gama jin labarin akuyar gidansu rana ta take. Haka take tun muna ƴammata, haka kuma girma ya same ta. Duk Madarumfa ba mai kiranta Zainabu sai takardun gwamnati. Kowa Tanti Abu yake cewa, wato Anti Abu, har waɗanda suka tara gemu, don da yawansu a gabanta suka fara koyon riƙe alli.

Ni ce Bilki, ƙanwarta, mai suyar kifi a bakin tabki. Mu biyu kaɗai mahaifinmu Mainasara ya bari. Masunci ne, mutum marar yawan magana, wanda ya ƙare rayuwarsa tsakanin jirginsa da masallaci. Duka mu biyun ya sa makarantar boko, ita ta wuce, ni kuma aka gwada aka ga ba hali, aka bar ni da kaskon tuya. Ban taɓa yin da-na-sani ba, don ko ita Yayar kifina take ci.

Da ta fito malama, manyan azuzuwa ta fara koyarwa. Amma ranar da aka buɗe jardan a garinmu, wato ajin ƙananan yara ƴan shekara uku zuwa biyar, ita ta je da ƙafarta ta ce a ba ta. Sauran malamai suka riƙe baki. Wa zai bar aji mai teburi da allo ya koma sharar majina da ɗaure wa yara mazagi? Har ni na ce mata, karatun da Baba ya sha wahala ya yi miki, a bakin fon kashin yara za ki ƙarar da shi? Ta yi dariya ta ce babban yaro ya riga ya koyi yin shiru, ita tana son ta same su tun bakinsu bai rufe ba.

Ajin nata iyayen yara ne suka gina da bulon ƙasa, aka rufa kwano, ƙarfi ya ƙare kafin a kai ga daɓen siminti. Sai aka zuba yashi mai laushi aka shimfiɗa tabarmi. A nan Yaya ta yi shekaru tana durƙuso da miƙewa. Ta ɗaga mai kuka, ta sunkuya ta gyara wa wannan takalmi, ta zauna a kan ƴar kujerar yara wadda ko rabin jikinta ba ta ɗauka, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. In ta dawo gida sai ta ce in taka mata baya. Ina takawa ina faɗa, tana kwance tana ba ni labarin wanda ya fara kiran sunan launin ja yau.

Wata safiya ta durƙusa za ta ɗaure wa wata yarinya kallabi, sai bayan ya riƙe. Ta kasa tashi, ta kasa zama. A amalanken jaki aka kawo ta gida, kwance a kan tabarmar ajin, tana cije leɓe tana cewa a koma a duba kada yara su fita titi.

Muka kai ta Maraɗi aka yi hoton bayan. Likitan ya ce ƙashin ƙugunta ya gaji, ba kuma zai koma sabo ba, sai dai a lallaɓa shi. Ya ba ta magani, ya koya mata motsa jiki, sannan ya ce maganin da ya fi duka shi ne ta gyara zamanta. Tafin ƙafa ya sauka sosai a ƙasa. Gwiwa kada ta ɗara ƙugu tsawo. A sami abin da zai tokare bayan daga ƙasa. Kada ta daɗe a zaune, kada ta sunkuya ta ɗauki yaro, zaman ƙasa da kujerar yara kuwa ta yi musu sallama. Yaya ta ce to, to, to. Ni na san wannan to ɗin nata, ba ya nufin komai.

Ba a jima da komawarta aiki ba Hajiya Sa'adatu ta zo gida duba ta. Ita ce mai zagaya makarantu daga ofishin masu duba malamai, kuma tare suka yi karatu da Yaya, ba baƙuwa ba ce. Ta zauna ta sha fura, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Abu, ina son ki da lahiya. Akwai wuri a biro, can ofishinmu, ki zauna ki riƙa jera takardu ƙarƙashin fanka har ki kai ga hutawa. Ajin ga ya hi ƙarhin bayanki."

"In na tahi biro, da wa za ni magana? Da takarda?"

"Da mu mana. Mu ba mutane ba ne?"

"Ku kun iya magana tuni."

Hajiya Sa'adatu ta yi dariya, amma ba ta janye ba. Ta ce ba za ta zuba ido malama ta faɗi a kan yaro ba, ko ta nakasa a hannunta. Za ta dawo kafin hutun tsakiyar shekara ta zauna a ajin ta gani da idonta. In Yaya na iya aikin ba tare da ta kashe kanta ba, shi ke nan. In ba haka ba, biro. Ni a raina na ce gaskiyarta ne. Amma da na dubi fuskar Yaya bayan fitarta, sai na ga kamar an ce mata gobe za a rushe gidanta.

Daga nan muka shiga neman kujera. Ba irin wadda ba mu gwada ba. Ta roba ta nutse a yashi ta karkace. Ta ƙarfe mai saƙar igiya, wadda maza ke shan shayi a kai, ta haɗiye ta, sai da malamai biyu suka ciro ta. Kujerar tsakar gida ta dafa abinci kuwa, ita ce ma likita ya fi tsana. Ana haka ɗanta Nura, da ke aiki a Yamai, ya aiko da wata ƙatuwar kujera baƙa, mai juyawa, mai ƙafafun taya, da wani hannu a gefe da ake ja ta hau ko ta sauka. Ranar da aka sauke ta a tasha har ƴan kallo ta tara. Yaya ta zauna a kai a tsakar gida ta lumshe ido ta ce wallahi bayanta bai taɓa jin daɗi irin wannan ba. Na yi guɗa, na ce magana ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. Aka kai kujera aji, aka sa mata faifan katako don kada tayoyin su nutse, aka sauke ta iyakar saukarta. Duk da haka Yaya na sama, yara na ƙasa a kan tabarma. Yaran garinmu kuwa tun suna rarrafe ake koya musu cewa wanda ke zaune a kan babbar kujera, durƙusa masa ake a sunkuyar da kai, ba a kallon idonsa, ba a tsawaita magana. Haka suka yi mata. Da safe kowanne ya zo ya zube a gabanta ya ce ina kwana, ya koma ya naɗe ƙafa ya ƙura wa tabarma ido. Ta yi waƙa, suka amsa ƙasa-ƙasa. Ta yi tambaya, shiru. Wani ɗan ƙarami ma fitsari ya yi a zaune, don ya kasa tunkarar kujerar ya ce zai fita.

Ta dawo gida ranar ta zauna a bakin murhuna, abin da aka hana ta.

"Bilki, sun maishe ni mai gari. Gwiwata suke kallo. In na sauko bayana shi mutu, in na hau aji shi mutu."

"To ki bar aji shi mutu mana! Ke kaɗai ce malama a ƙasar ga?"

Ta ɗauki kifi ɗaya a kwano ta juya shi ta mayar. A iya sanina wannan ne karo na farko da Yaya ta mayar da kifina, kuma abin ya tsorata ni fiye da ranar amalanke.

Ranar wata Lahadi aka yi suna a wani ƙauye da ke hayin tabki, wurin dangin mahaifiyarmu. Ruwa ya cika, zagayawa ta hanya da nisa, sai muka shiga jirgin wani masunci. Na so ta zauna a gida, ta ƙi. Ta zauna a kan katakon da ke gicciye a bayan jirgin, ƙafafunta a can cikin gindinsa, na cusa mata ƙullin zannuwan barka a baya ta jingina. Muna isa hayi, kafin a ja jirgin gaɓa, sai ga yara suna wasa a bakin ruwa. Wata ƴar ƙarama ta dafa gefen jirgin, ta kalli Yaya ido cikin ido, ba gaisuwa ba komai, ta ce mata ta ga kwaɗo mai ciki. Yaya ta ce a ina? Nan suka ɓalle da hira, sauran suka taru, mai jirgi na jira da gora a hannu.

Can sai na ga ta bar hirar. Ta dubi ƙafafunta, ta dubi yaran, ta shafa bayanta.

"Bilki, tun da munka taso bayana bai ce uffan ba. Dubi zamana. Ƙahwata na ƙasa, gwiwata ba ta hi ƙuguna ba, kuma kaina daidai da nasu."

"To sai mi? Aji za ki kawo cikin tabki?"

"Ba kujera za a ɗaga ba. Ƙasa za a sauke."

Duk sunan nan ba ta ci abin kirki ba, zane take yi da tsinke a ƙasa. Abin da take so mai sauƙi ne: a haƙa rami a ajin, ta zauna a bakinsa daidai da tabarmar yara, ƙafafunta su sauka ciki, a kafa mata abin jingina. Shugabar makarantar ta ce tun da yashi ne ba siminti ba, ta gwada, in bai yi ba a cike.

Aka kira Kanta. Shi ne mai haƙa a unguwarmu, ko rijiyar lambu, ko masai, ko kabari in an yi rasuwa, dattijo mai tsoron Allah wanda ba ya karɓar komai a aikin maƙabarta. Yaya ta yi masa bayani ranar Asabar, ta ce tana son wuri mai faɗi a sama inda za ta zauna, da wani ƙaramin rami a ciki inda ƙafa za ta sauka. Ya ce ya gane sarai. Bayanta ya motsa, ta bar masa mabuɗi ta tafi gida ta kwanta.

Wallahi ya gane, har ya wuce. Hannun da ya shekara da shekaru yana abu ɗaya ba ya tambayar mai shi. Kanta ya ja ramin da tsawo daga kudu zuwa arewa, ya daidaita kusurwoyinsa tas, ya sare ƙaramin rami siriri a tsakiya, ya tara ƙasar a gefe ɗaya. Shi kansa bai lura da abin da ya yi ba, ya share wurin ya kulle ya tafi sallar la'asar.

Ranar Litinin iyaye mata suka rako ƴaƴansu. Goggo Ɗelu ce ta fara leƙawa, tsohuwa mai kawo jikanta kullum, wadda in ta yi magana a unguwa ba mai ƙarawa. Ta saki salati da ƙarfi, ta fizgi hannun yaron ta juya.

"Kabari! Kabari cikin ɗakin ɗiya! Wa aka yi ma wanga? Wa aka nufa?"

Kafin Yaya ta iso da ɗingishinta, ajin ya watse. Kafin azahar labari ya iso bakin kaskona, ya yi ƴaƴa da jikoki. Wata ta ce malamin tsibbu ne ya ce a binne ciwon bayan a inda yara ke zama don ya koma kansu. Wata ta ce ai an ga farin ƙyalle. Na ɗaga matsamin kifi na ce duk wadda ta ƙara ambaton sunan yayata da wannan ƙazamar magana, da man nan mai zafi za ta koma gida. Matar da ta wanke wa ƴaƴanku kashi da hannunta ita ce yau za ta cuce su? Na yi asarar masu saye ranar, ban kuma damu ba.

Na tafi makarantar a fusace, na same ta ita kaɗai a zaune a bakin ramin, ƙafafunta a ciki. Na leƙa, ni ma sai da gabana ya faɗi. Ba wanda aka haifa a garin nan da zai ga wannan rami ya kira shi da wani suna. Ga Kanta a bakin ƙofa ya rafka tagumi, yana ta cewa a yafe masa.

"Bari ba kanka laihi, Malam Kanta," in ji Yaya. "Abin da nac ce shi ka yi. Kuma zaman ya yi daidai, ko kaɗan ba ni jin ciwo."

"To tashi daga ciki, don Allah," na ce mata. "Ba ni son ganinki a nan."

Kwanaki suka wuce ba yaro ko ɗaya, ga zuwan Hajiya Sa'adatu ya matso. Shugabar makaranta ta ce a cike ramin kawai a ba iyaye haƙuri. In an cike, yara za su dawo, amma Yaya ta koma tsakanin kujerar mai gari da ciwon baya, ƙarshenta biro. Na zaci za ta tsaya gardama da mutane, ta bi gida gida tana bayani. Ba ta yi ba. Ta ce ba a yi wa uwa gardama a kan abin da idonta ya gani, sai dai a ba idon wani abin ya gani.

Da yamma ta shigo gida ta wuce bayan ɗakina kai tsaye. A nan jirgin Baba yake kife tun rasuwarsa. Gindinsa ya ruɓe ta gaba, ba ya shiga ruwa, amma shuɗin fentinsa na nan, kowa a bakin tabki ya san shi. Masunta sun sha neman in ba su su cire katakan, na hana. Shi da gorar tuƙinsa kaɗai suka rage mana na Baba, ni kuma nake share shi.

"Bilki, ki ba ni rabin baya."

"Rabin mi?"

"Inda Baba ke zama. A yanka, a sa shi cikin ramin."

Na ce ba za a sa wa jirgin ubana zarto ba ina raye. Na ce ta je ta sayi sabon katako, ta je ta yi duk haukar da za ta yi. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba su shafi jirgi ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce:

"Kin tuna in ya ɗauke mu cikin jirgin ga? Ke kina gaba kina surutu, shi yana nan baya a zaune. Kin taɓa ganin ya tsaya kanmu yana magana? Duk abin da munka hwaɗa mashi, a nan munka hwaɗa."

Gaskiya ta faɗa. A gida Baba ba ya hira, muna gaishe shi mu wuce. Amma a cikin jirgi, da yake duk a zaune muke kai ɗaya, ba abin da ba mu gaya masa ba. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na ce ta kira kafinta.

Kafinta ya yanke rabin baya, ya goge gefunan da kyau don kada sartse ya soki yaro. Yaya ta zauna a kai ana gwadawa, a ɗaga katakon zama, a sauke, har tafin ƙafarta ya kwanta sosai gwiwarta ta ɗan yi ƙasa da ƙugu. Ya kafa mata majingini, na ɗinka ɗan matashi na cusa audugar rimi daidai inda ƙugun ke ciwo. Aka yi matakala ɗaya ta fita, da murfin katako da za a rufe in an tashi, saboda kunama da yaro mai ƙiriniya. Kanta ya cike ramin farko ya daddaɓe, ya haƙa wani gajere mai kallon ƙofa.

Na ce a kai shi da sassafe kafin mutane su fito. Yaya ta ce a'a, ranar kasuwa za a kai shi, da hantsi, ta tsakiyar gari. Haka aka ɗora rabin jirgi a amalanke, ita tana tafe a gefe tana dogara gorar tuƙin Baba, ni ina baya na sha kunu. Yara suka biyo mu yuu, cikinsu har da ƴan ajinta da aka hana zuwa. Masu kifi suka miƙe suna cewa ai jirgin Mainasara ne, Allah ya jiƙan Mainasara. Da muka zo ƙofar gidan Goggo Ɗelu, Yaya ta ce a tsaya. Ta yi sallama, tsohuwar ta fito da fuska a ɗaure.

"Goggo, kin yi gaskiya, abin da kinka gani ba shi da kyan gani. An cike shi. Ga abin da za ni sawa, na ce ki hwara gani kahin kowa."

Goggo Ɗelu ta zagaya amalanken a hankali. Ta sa hannu a kan shuɗin katakon ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Wanga jirgi shi ya ƙetare da ni shekarar babban ruwa, ina naƙudar uban yaron ga. Ubanki bai amshi ko dala ba." Ta juya ta ƙwala wa jikan kira. "Kai, ɗauko takalminka!"

Aka saka jirgin a ramin, ƙeyarsa ta ɗan ɗago sama da yashi, aka kafa gorar Baba a gefe don ta riƙa kamawa in za ta tashi. Aka jera tabarmi a kewaye. Washegari aji ya cika, har da waɗanda ba a rubuta ba.

Ranar da Hajiya Sa'adatu ta zo, na bar wa maƙwabciyata kasko na je na laɓe a taga, don ban yarda a yanke wa yayata hukunci ba na nan ba. Yaya na zaune a jirgi, bayanta a miƙe, yara sun kewaye ta har suna dafa kafaɗarta. Surutu kamar kasuwar kifi. Mai kuka ba sai ta ɗaga shi ba, da kansa yake gangarowa cinyarta. Mai takalmi ya miƙo ƙafa ta ɗaure ba tare da ta sunkuya ba. In an jima ta kama gora ta miƙe ta ce jirgi ya iso gaɓa, kowa ya tashi, su zaga ɗakin da waƙa, ita ma ta motsa bayan kamar yadda likita ya ce, sannan a dawo. Yaron nan da ya taɓa yin fitsari a zaune ya zo ya kama kunnenta ya raɗa mata magana, ta ce maza je ka dawo.

Hajiya Sa'adatu ta ƙi zama a baƙar kujerar da aka ja mata, ta tsaya a jikin bango har aka tashi. Da yara suka fita ta zo ta leƙa jirgin, ta taɓa matashin, ta sa Yaya ta tashi ta zauna a gabanta ta gani.

"Bayan hwa? Kada ki yi mani ƙarya, Abu."

"Yana nan, bai warke ba. Amma yanzu da ƙahwata nike zuwa gida, kuma ina kwana."

"To ni mi za ni ce masu a biro? Na riga na ce a gyara maki wuri."

Yaya ta nuna kujerar Nura da ke kusurwa.

"Ga wadda ta dace da biro nan. Tahi da ita."

Hajiya Sa'adatu ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta rungume ta. A kan idona aka ɗaure baƙar kujera a bayan mota, tayoyinta a sama suna juyawa, ta kama hanyar ofis. Ni kuwa daga bakin taga na rangaɗa guɗar da sai da malaman manyan azuzuwa suka fito. Ban ji kunya ba. Yayata ce, ƴar Mainasara masunci, duk wanda bai sani ba ya sani.

Tana nan a ajinta har yau. Ciwon na tashi lokacin sanyi, takan kwana biyu a gida ta koma. Ɗaya rabin jirgin yana bayan ɗakina, ina share shi kamar da. Bana aka sa jikata a ajin, yarinyar da a gida sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarta. Rannan na je ɗaukarta, na tarar duk an watse saura ita. Ta dafa gefen jirgin, daidai inda tafin hannun Baba ya cinye katakon ya yi santsi, tana ta zuba wa Yaya labari. Na buɗe baki zan ce ta yi sauri kifina na kan wuta, sai Yaya ta ɗaga mini hannu ba tare da ta ɗauke ido daga kan yarinyar ba.

Na tattare zanena na zauna a kan tabarma, na jira ta gama.